Rumbu Cike, Masu Ɗiba Kaɗan: Halin Binciken Tarihin Usmaniyya

A shekarar 1931 aka loda tarin takardun Daular Usmaniyya a taragun jirgin ƙasa daga Istanbul, aka sayar wa Bulgeriya da su da sunan shara. Allah Ya sa aka farga da darajarsu, da yawansu suka tsira, yau suna ɗakin karatu na ƙasa a Sofiya. Shekara uku kafin nan, a 1928, Turkiyya ta ajiye haruffan Larabci ta rungumi na boko. Kafin a ankara, jika ya kasa karanta wasiƙar kakansa. Daga nan matsalar wannan fanni ta samo tushe.

Takardu dai ba su yi ƙaranci ba. Ma'adanar Usmaniyya, wadda ta koma sabon gini a unguwar Kagithane ta Istanbul a 2013, tana riƙe da miliyoyinsu, an kuma ɗauki hoton da yawa, mai bincike yana dubawa a kwamfuta. Amma gani ba karatu ba ne. Ɗalibi zai zauna gaban daftarin haraji da aka rubuta da salon siyakat, rubutun da sau da yawa babu ɗigo, lambobinsa kuma ƙudundunannun kalmomin Larabci ne. Yana iya shafe yini yana fama da sunan ƙauye guda. Sai ya haɗa Turkanci da Larabci da Farisanci kafin shafin ya buɗe masa baki.

Da irin wannan haƙuri Ömer Lütfi Barkan da Halil İnalcık, wanda ya rasu a 2016, suka gina tarihin ƙasa da haraji da talakawa. Na bayansu, irin su Rifa'at Abou-El-Haj da Cemal Kafadar, suka ƙalubalanci tsohon ra'ayin cewa daular tun bayan Sarki Sulaiman sai lalacewa take yi.

Abin da ya fi damuna shi ne rabuwar wallafa gida biyu. A Turkiyya ana fitar da kundayen digiri masu yawa da ke mayar da daftari zuwa boko, sharhi kaɗan. A Amurka da Turai kuma ana fitar da littattafan sharhi da Ingilishi, masu tsadar da ɗalibin Konya ko Kano ba ya iyawa. Kundin ilimin Musulunci na gidauniyar Diyanet ta Turkiyya, mujalladi 44 da aka kammala a 2013 aka sa kyauta a intanet, ya nuna cewa ana iya haɗa inganci da sauƙin samu.

Mu ma muna da kaso a rumbun nan. Amsoshin da Sarki Murad na Uku ya aika wa Mai Idris Alooma na Borno suna cikin daftarorin fada, B. G. Martin ya yi nazarinsu a 1972. Sauran abin da ya shafe mu a can yana jiran ɗanmu da zai zauna ya koyi rubutun, ya karanto mana da idonsa.