Jinjina ga maginan gadojin dutse

Duk wanda ya bi hanyar Kontagora zuwa Yelwan Yawuri, ya wuce Koko, ya ratsa rafuka da dama masu gangarawa Kogin Kwara. Da rani yashi ne zalla, da damina kuwa sai ka tausaya wa abin da ya tare musu hanya. Abin da ya sa mota ke wucewa lafiya shi ne ƙananan gadoji da kwalbatoci, da duwatsun da aka jera a gindinsu.

Magini yakan juya dutse sau da yawa kafin ya ga fuskar da za ta zauna. Ya sare gefensa da guduma, ya ɗora shi a kan haɗin biyun da ke ƙasa, ya cike da siminti, ya bar 'yar kafa don ruwan bayan bango ya tsiyaye.

Tun da tafkin Kainji ya cika a 1968, aka tashi garuruwan bakin ruwa, hanyar mota ta ƙara daraja. Albasar Yawuri, da busasshen kifin Wara a Ngaski, da shinkafar Shanga, duk ta kan aikin waɗannan bayin Allah suke isa kasuwa.

Magina da leburorinku, sannunku da aiki. Allah ya saka da alheri.