Wa Ya Tsaya Maka? Gwanintar Aika Faci ta Imel

Manhajar Linux, wadda ke ƙarƙashin kowace wayar Android da ke aljihun mutanen Tagriss da Dakoro da Maradi, har gobe ta imel ake kai mata gyara. Wasiƙa ce ta tsurar rubutu: layin da za a cire an sa masa alamar ragewa, wanda za a ƙara an sa masa alamar tarawa. Wannan shi ne faci. Linus Torvalds ya fara Linux a 1991, ya ƙirƙiro Git, manhajar da ke ajiye tarihin gyare-gyare, a Afrilun 2005, kuma tun Yulin shekarar Junio Hamano ke riƙe da Git, shi ma ta imel yake karɓar gyara.

Rubuta faci aiki ne babba. Amma wanda ya fi burge ni shi ne mutumin da ya iya fitar da shi daga kwamfutarsa har ya isa hannun mai kula da manhajar ko ɗigo bai goce ba. Sabon shiga zai buɗe akwatinsa na imel a burauza, ya kwafo facin ya liƙa. Nan take shafin zai karya dogayen layuka, ya sauya tazarar da ke farkonsu, ya naɗe wasiƙar da HTML. Ido ba zai ga bambanci ba, amma idan mai karɓa ya ba umarnin git am wasiƙar, sai ya ƙi ta. Shi ya sa gwanaye ke amfani da git send-email, ƴar manhaja da aka rubuta da Perl, wadda ke magana da sabar imel kai tsaye daga layin umarni.

To, a nan ake yin ta.

Lokacin da Jon Postel ya fitar da SMTP, ƙa'idar aika imel, a 1982, masu intanet ƴan kaɗan ne, galibi a jami'o'i da cibiyoyin bincike, kuma saba ba ta tambayar kowa ko shi wane ne. Da masu wasiƙun banza da ƴan damfara suka cika fili, sai a 1999 aka ƙara mata hanyar neman shaida. Duk wanda ya taɓa kai sa kasuwar dabbobi ta Dakoro ya san ba a sayen dabba hannun baƙo sai dillali ya tsaya masa, ya ce ya san shi, ya san ba ta sata ba ce. Sabar Gmail ko ta Outlook haka take yi wa wasiƙarka: tana buga mata hatimin DKIM, sabar da ke can ƙetare ta gani ta yarda. Ita kuwa ba za ta tsaya maka ba sai ka gamsar da ita cewa kai ne mai akwatin.

A ido, shirin bai wuce layi huɗu a fayil ɗin .gitconfig ba: sunan saba, misali smtp.gmail.com, sai ƙofa mai lamba 587, sai tls don a rufe zancen daga masu leƙe, sai adireshinka. Mutum ya danna, a tambaye shi kalmar sirri, ya rubuta wadda ya saba shiga da ita kullum, sai allo ya dawo masa da lamba 535, wato an ƙi. Mai gaggawa zai sake bugawa har ya gaji, yana zaton yatsansa ne ya zame. Gwani ya san tun 30 ga Mayun 2022 Google ya daina karɓar kalmar sirrin yau da kullum daga irin waɗannan manhajoji. Sai an kunna tantancewa mai mataki biyu, sannan a nemi kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16, wadda sau ɗaya tak ake nuna ta. Kuma ba ya ajiye ta tsirara a cikin .gitconfig, domin fayil ne da mutane ke kwafa su ba abokai ba tare da sun duba ba. Yana damƙa ta ga mataimakin ajiyar sirri na Git, wanda ke kulle ta a ma'ajiyar kwamfutar, ya fito da ita sai lokacin aikawa.

Microsoft ya wuce nan. Daga 16 ga Satumbar 2024, akwatunan Outlook na ɗaiɗaikun mutane suka koma tsarin OAuth 2.0, wanda aka kammala tun 2012. A wannan tsari manhajar ba ta ganin kalmar sirrinka sam. Kana shiga ta burauza sau ɗaya, ka amince, a ba kwamfutarka shaidu biyu: ɗaya mai mutuwa bayan kamar awa guda, ɗaya mai daɗewa wadda aikinta kawai karɓo sabuwar ta farkon. Aikin gwani shi ne ya ɗaura waɗannan da Git, ta yadda duk sa'ad da zai aika faci mataimakin zai sabunta shaidar shiru, ya miƙa ta ta hanyar XOAUTH2 ko OAUTHBEARER, gwargwadon wadda sabar ke ji. Wasu kan bi ta msmtp, ƙaramar manhajar aika imel, su bar mata miƙa shaidar ga sabar. A ganina wahalar ta cancanta: in aka sace kwamfutar, sai ka soke izinin nan kaɗai, kalmar sirrinka tana nan lafiya.

Abin da ya fi nuna ƙwarewa kuwa shi ne haƙurin da ke biye. Gwani ba ya fara aika wa manya. Yana gwadawa da --dry-run, ya ga wa da wa za su samu ba tare da komai ya fita ba. Sannan ya aika wa kansa, ya sauke wasiƙar, ya ɗora ta da git am, ya tabbatar ta hau daram. In ta tsaya, ya kunna --smtp-debug=1, ya bi zancen kwamfutarsa da sabar layi bayan layi har ya ga inda aka saɓa. Yana kuma duba cewa sunan da ke layin Signed-off-by, inda yake shaida yana da haƙƙin bayar da gyaran, ya dace da na mai aikawa.

Ina ganin wannan gwaninta ta dace da mu ƙwarai. Faci bai fi ƴan kilobait ba, hoto ɗaya na WhatsApp ya ninka shi nesa ba kusa ba. Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi da ya koma Tagriss hutu zai iya yin aikinsa duka babu intanet, domin Git na ajiye tarihin manhajar a cikin kwamfutarsa. Daƙiƙu kaɗan na sadarwa sun ishe shi aikawa. Sai dai ya kiyaye abu biyu. Kada ya dogara da lambar tantancewa ta saƙon tes, wadda kan maƙale a hanya. Ya sa manhajar da ke fitar da lamba shida duk daƙiƙa 30 ko babu sadarwa, ya kuma rubuta lambobin ko ta kwana guda 10 da Google ke bayarwa ya adana su a takarda. Sannan ya lura da agogo. Kwamfuta ƴar gwanjo da ƙaramin batirin cikinta ya mutu kan farka da kwanan watan shekarun baya, sai ta ƙi takardar shaidar sabar, mutum ya kwana yana zargin kalmar sirri alhali agogo ne.

Wanda kamfanin imel ɗinsa ya toshe masa kowace hanya ma bai rasa mafita ba. Konstantin Ryabitsev na Linux Foundation ya rubuta manhajar b4, wadda ke barin mutum ya sa wa faci hannu da makullinsa na sirri, ya miƙa shi ta sabar kernel.org, ita ta aika a madadinsa. Rajista sau ɗaya ake yi: za a turo maka lambar gwaji ta imel, ka sa mata hannu da makullin, ka mayar.