Sharaɗi Kafin Ba-zata: Gandoki da Ruwan Bagaja a Ma'aunin Madabo

Duk wanda ya san Kano ya san Madabo, unguwar malamai tun zamanin Wangarawa, wadda ta yi suna wajen karatun Muhtasar. A irin wannan zaure ba a yanke hukunci sai an shimfiɗa sharaɗi. Da wannan ma'auni muke son mu auna ƙagaggun labaranmu na aljannu, domin duniyar da marubuci ya gina ita ma tana da sharuɗɗanta.

Mu ɗauki littattafai biyu da suka fito daga gasar 1933, wadda Rupert East ya shirya. A Ruwan Bagaja, Abubakar Imam ya kafa sharaɗi tun farko: ɗan Sarki ba shi da lafiya, Liman ya ce ruwan Bagaja ne magani, aka kunyata shi a fada. Saboda haka Alhaji Imam ya fita nema. Duk wasan kura da ya sha da Malam Zurƙe, mai karatu bai manta da abin da aka fita nema ba. Da labari ya juya zuwa ga aljannu, mamaki ya zo, amma bai zo da gardama ba, gama dama an nuna mana ruwan nan ba na rijiyar kowa ba ne.

To, Gandoki fa? Malam Bello Kagara ya ɗora mu a kan tarihi sosai: zuwan Turawa, da yaƙin Burmi na 1903. Muna cikin ƙurar dawaki sai ga mu a ƙasar aljannu, ba tare da an buɗe mana ƙofa ba. Daga nan takobin Gandoki ba ya da abin da zai gagare shi. Jarumin da ba ya iya faɗuwa kuwa, wa zai ji masa tsoro? Daɗin kirari yana nan, amma fargaba ta tafi.

Wannan magana ta shafi masu rubuta littattafan yaƙi da tsafi a Kano, da mu ɗalibai masu sha'awar alƙalami. In za ka ba boka ƙarfi, faɗi iyakarsa. In zobe zai ceci jarumi a babin ƙarshe, nuna mana shi a babin farko. Ɗalibin Madabo zai tambaye ka dalili, mai karatu ma haka.

Allah ya sa mu dace.