Kama da Wane Ba Ta Wane: Fasistanci da 'Yan Niyokon a Littattafai Biyu na 2007

A shekarar 2007 an buga wasu littattafai biyu a Amurka waɗanda suka ɗauki kalma ɗaya, kowanne ya jefi abokin gabarsa da ita. Na farko shi ne World War IV na Norman Podhoretz, ɗaya daga cikin iyayen gidan sabbin masu ra'ayin riƙau, waɗanda ake taƙaita sunansu da niyokon. Tun daga bangon littafin ya sanar cewa Amurka tana yaƙi ne da wani abu da ya kira fasistancin Musulunci. Na biyu shi ne The End of America na Naomi Wolf, wadda ta ce fasistancin da ya kamata a ji tsoro ba a Bagadaza ko Tehran yake ba, yana kunno kai ne a Washinton, a gwamnatin George W. Bush, inda 'yan niyokon ke da babbar murya.

A ganinmu duka biyun sun yi kuskure. Sai dai kuskuren Wolf ya fi damunmu, domin shi ne wanda zuciyarmu ta fi saurin karɓa. Duk wanda ya ga hotunan kurkukun Abu Ghraib da suka fito a watan Afrilun 2004 zai so ya sami kalma mafi muni ya liƙa wa waɗanda suka haddasa abin, kuma babu kalmar siyasa da ta kai fasistanci muni. Amma sunan da ya fi zafi ba lallai shi ne ya fi dacewa ba, kuma idan aka saka wa mai laifi sunan da ba nasa ba, an ba shi ƙofar kuɓuta.

Bari mu fara da asalin abin. Benito Musolini ya kafa ƙungiyarsa a birnin Milan a watan Maris na 1919. Sunan ya samo asali ne daga damin sanduna da gatari a tsakiya, alamar iko a tsohuwar daular Rum. Ƙarfin ƙungiyar ba a kan takarda yake ba, a kan titi yake. Matasa masu baƙaƙen riguna, da yawansu tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya, su ne ke ƙona ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago da gidajen jaridun 'yan gurguzu, suna lakaɗa wa abokan hamayya duka, suna ɗura musu man zurma don su wulaƙanta su da gudawa. A zaɓen 1921 kujeru 35 kacal suka samu a majalisar da ke da kujeru 535. Duk da haka a watan Oktoban 1922 Sarki Victor Emmanuel na Uku ya naɗa Musolini firaminista, saboda manyan ƙasar sun ɗauka za su yi amfani da shi su murƙushe 'yan gurguzu, sannan su ajiye shi. A 1924 aka sace ɗan majalisa Giacomo Matteotti aka kashe shi bayan ya fallasa maguɗin zaɓe. Zuwa 1926 an haramta duk sauran jam'iyyu. A Jamus abin ya fi haka sauri: an naɗa Hitila a watan Janairun 1933, kafin ƙarshen Maris majalisa ta miƙa masa ikon yin doka ba tare da ita ba.

Masanin tarihi Robert Paxton, a littafinsa The Anatomy of Fascism na 2004, ya ba da shawarar a riƙa duba abin da 'yan fasist suka aikata, ba abin da suka faɗa kawai ba. Idan muka bi wannan, ginshiƙan suna nan a fili: jam'iyyar dandazon jama'a mai rundunar 'yan daba, shugaba ɗaya da ake ɗauka shi ne ƙasar, ƙyamar majalisa da zaɓe ba a ɓoye ba, da burin tsarkake al'umma daga waɗanda aka ce baƙi ne a cikinta.

To su waye 'yan niyokon? Ba su taɓa zama jam'iyya ba. Wasu marubuta ne da malaman jami'a, yawancinsu 'yan birnin New York, da dama daga cikinsu 'ya'yan Yahudawa baƙin haure, waɗanda suka taso da ƙiyayyar Hitila da Stalin. Irving Kristol, wanda ake ɗauka uban tafiyar, ya fara ne a matsayin mabiyin Trotsky lokacin yana ɗalibi. A 1965 shi da Daniel Bell suka kafa mujallar The Public Interest. Podhoretz kuwa ya shugabanci mujallar Commentary daga 1960 zuwa 1995. Makaminsu mujalla ne, da cibiyoyin bincike, da kusanci da masu mulki. A 1997 William Kristol, ɗan Irving, da Robert Kagan suka kafa wata cibiya da ke kiran a tabbatar da sabon ƙarnin ya zama na Amurka, kuma a watan Janairun 1998 ta rubuta wa Shugaba Clinton wasiƙa tana neman a kawar da Saddam Husaini. Cikin waɗanda suka sa hannu akwai Donald Rumsfeld da Paul Wolfowitz, waɗanda bayan shekara uku suka zama sakataren tsaro da mataimakinsa. Aƙidarsu ita ce Amurka tana da ƙarfin da babu mai irinsa, kuma haƙƙinta ne ta yi amfani da shi ta kifar da azzaluman gwamnatoci ta dasa dimokuraɗiyya. Musolini yana alfahari ne da binne dimokuraɗiyya. Waɗannan kuwa da sunanta suka jefa bama-bamai. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Hanyar da Wolf ta bi ita ce jeri. Ta kawo matakai goma da ta ce duk mai son rufe bakin al'umma yana bi, kamar tsoratar da jama'a da wani babban maƙiyi, da buɗe kurkukun sirri inda ake gana azaba, da kafa dakarun da ba sa ƙarƙashin doka, da leƙen asirin 'yan ƙasa, da matsa wa 'yan jarida, da mayar da suka cin amanar ƙasa. Sannan ta ɗauki kowane mataki ta nuna inda ya bayyana a Amurka bayan harin 11 ga Satumba. Adalci shi ne mu ce ba ƙirƙirar hujjojin ta yi ba. Dokar Patriot ta wuce a Majalisar Dattawa a watan Oktoban 2001 da ƙuri'a 98, mutum ɗaya tak, Russ Feingold, ya ƙi. An buɗe sansanin Guantanamo a watan Janairun 2002 don a tsare mutane inda ake ganin hannun kotu ba zai kai ba. A watan Agustan wannan shekarar lauyoyin ma'aikatar shari'a, ciki har da John Yoo, suka rubuta takardun da suka ƙuntata ma'anar azabtarwa har ta kai ana iya kwarara wa fursuna ruwa a fuska ya ji kamar yana nutsewa, a ce ba a karya doka ba. Kamfanin Blackwater na sojojin haya ya kashe fararen hula 17 a dandalin Nisur na Bagadaza a watan Satumban 2007. A nan biri ya yi kama da mutum.

Matsalar tana cikin jerin kansa. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san cewa gwajin da duk abin da aka ba shi zai ce "e" ba ya gwada komai. A ɗora matakan Wolf a kan mulkin Stalin, za su dace. A ɗora su a kan mulkin Turawan Ingila a Kenya lokacin tawayen Mau Mau, za su dace. A ɗora su a kan mulkin Janar Abacha, da tsare mutane ba shari'a da rufe gidajen jaridu, yawancinsu za su dace, alhali babu wanda zai ce Abacha yana da jam'iyyar dandazon jama'a ko aƙidar sake haihuwar ƙasa. Har Shugaba Roosevelt, a daidai lokacin da yake yaƙar Hitila da Musolini, ya tsare Amurkawa 'yan asalin Japan da danginsu kimanin 120,000 a sansanoni daga 1942. Abin da Wolf ta jera alamomin danniya ne, kuma danniya ta girmi fasistanci da dubban shekaru. Ta bar ginshiƙan da suka bambanta shi da sauran, ta riƙe abin da ya haɗa shi da kowa.

Lokaci ma bai goyi bayanta ba. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan gwamnatin Bush game da fursunonin Guantanamo a 2004, da 2006, da 2008. A zaɓen watan Nuwamban 2006 jam'iyyar Republican ta rasa majalisu biyun, washegari aka sanar da saukar Rumsfeld. A watan Janairun 2009 Bush ya miƙa mulki ga Barack Obama, wanda ya yi suna da adawa da yaƙin. Musolini bai taɓa faɗuwa zaɓe ya tattara kayansa ba.

Wani zai ce to ai wannan wanke su ne. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da kalmar fasistanci ke ɓoyewa shi ne cewa yaƙin Iraƙi ba juyin mulki ya haife shi ba. A watan Oktoban 2002 Majalisar Wakilai ta amince da shi da ƙuri'a 296 a kan 133, Majalisar Dattawa da 77 a kan 23. Cikin masu cewa "e" akwai Hillary Clinton, da John Kerry, da Joe Biden, dukansu 'yan Democrat. Babu wanda ya tsare su da bindiga. Jaridar New York Times, wadda babu wanda ya ƙona mata ofis, ita da kanta ta amsa a watan Mayun 2004 cewa ta buga labaran makaman ƙare dangi ba tare da tantancewar da ta kamata ba. Miliyoyin mutane sun fito zanga-zanga a biranen duniya ranar 15 ga Fabrairun 2003, an bar su sun yi, an kuma yi biris da su.

Mutanen Nijar suna da dalilin tuna yadda aka gina wannan ƙarya, domin da sunan ƙasarsu aka yi ta. Wasu takardu sun bayyana da ke cewa Saddam ya nemi sayen yuraniyam daga Nijar. Tsohon jakada Joseph Wilson ya je Yamai a watan Fabrairun 2002 ya dawo ya ce da wuya zancen ya zama gaskiya. Duk da haka Bush ya ambaci neman yuraniyam daga Afirka a jawabinsa ga majalisa a watan Janairun 2003. A farkon Maris shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, Muhammad al-Baradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun jabu ne. Ranar 20 ga watan aka fara ruwan wuta a Bagadaza. Ba a sami makaman ba. Sojojin Amurka kusan 4,500 suka mutu, fararen hular Iraƙi kuwa ko a lissafin masu taka-tsantsan sun haura 100,000. Kofi Annan ya faɗa a 2004 cewa yaƙin ya saɓa wa kundin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Idan muka ce fasistanci ne ya yi wannan, mun ce ke nan wata cuta ce ta shigo daga waje ta kama lafiyayyen jiki, da zarar an kawar da Bush shi ke nan. Gaskiyar ta fi haka ɗaci: ƙasa mai zaɓe, da kotu, da jarida mai 'yanci, tana iya rusa wata ƙasa ba tare da ta taɓa ko ɗaya daga cikin ukun ba.

Idan akwai zumunci tsakanin ɓangarorin biyu, a wajen iyakokinsu za a same shi. Italiya ta rataye Umar Mukhtar a Libiya a 1931, bayan ta tara mutanen gabashin ƙasar a sansanoni. A watan Oktoban 1935 ta afka wa Habasha, ta yi amfani da iskar guba, tana cewa ta zo kawo wayewa da kawar da bauta. Sarki Haile Selassie ya kai kuka Geneva a 1936, ba a share masa hawaye ba. Wannan zance na kawo alheri a bakin bindiga shi ne muka sake ji a 2003. Sai dai ba Musolini ya ƙirƙiro shi ba, aro ya yi daga Ingila da Faransa, waɗanda suke da majalisa da zaɓe a gida a lokacin da suke cin ƙasashenmu da yaƙi. Aimé Césaire ya nuna tun 1950 cewa abin da ya firgita Turai game da Hitila shi ne ya yi wa Turawa abin da suka saba yi wa mutanen da suka mallaka. Gidan da 'yan niyokon suka fito ke nan: mulkin mallaka mai kyakkyawar niyya a baki. Wolf ba ta tsaya a kan wannan ba, saboda damuwar littafinta 'yancin Ba'amurke ne a gida. Ɗan Iraƙi bai zama tsakiyar labarinta ba.

Shi kuwa Podhoretz, kalmar aiki ta yi masa. Ya zuba al-Ƙa'ida, da gwamnatin Ba'ath ta Saddam wadda ba ta addini ba ce, da malaman Shi'a na Iran waɗanda suka yi shekara takwas suna yaƙi da Saddam, duk a buhu ɗaya. Da zarar an kira maƙiyi ɗan fasist, an mayar da kowace shekara 1938, duk mai neman sulhu kuma ya zama Chamberlain. Kalmar ta rufe ƙofar tambaya. Abin mamaki shi ne Wolf ta ɗauki wannan dabarar ta juya bakinta kawai.

Akwai kuma farashin da ake biya daga baya. A watan Mayun 2016 Robert Kagan, wanda ya taimaka wajen kafa cibiyar nan ta 1997, ya rubuta a jaridar Washington Post cewa Donald Trump ne hanyar da fasistanci zai bi ya shigo Amurka. Ko ya yi daidai ko bai yi ba, a lokacin kalmar ta riga ta sha jifa daga kowane ɓangare har ta dusashe, kuma abokan tafiyarsa suna cikin waɗanda suka dusasar da ita.

Labarin fasistanci yana da ƙarshen da ke kwantar da hankali: an rataye gawar Musolini a Milan a watan Afrilun 1945, an gurfanar da manyan 'yan Nazi a Nuremberg. Na 'yan niyokon ba haka ya ƙare ba. Wolfowitz ya zama shugaban Bankin Duniya a 2005. Yoo ya koma koyar da shari'a a jami'ar Berkeley. Babu ko ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara yaƙin da ya tsaya gaban alƙali a kansa. Tambayar da littattafan biyu suka kauce mata, wadda kuma har yau ba a amsa wa mutanen Bagadaza da Falluja ba, ita ce wace kotu ce ke hukunta ƙasar da ta bi duk ƙa'idojinta na cikin gida kafin ta kashe mutanen wata ƙasa.