Hoton Zambo Da Liyafar Nafoliyon

Kowane ɗan makaranta na Kiyawa da Dutse ya san habaici. In an kira azzalumin shugaba Fir'auna, ba a bukatar ƙarin bayani, gama kowa ya san a ruwa ya ƙare. To, Turawa ma suna da irin wannan, sai dai su a hoto suke yi.

Cikin 1803, sa'ad da Nafoliyon na Faransa yake tara runduna zai haye teku ya ci Ingila, wani gwanin zane a Landan, James Gillray, ya fid da wani hoto. Ya zana Nafoliyon da matarsa sun zauna cin liyafa, an jera musu akusa, amma abin da ke ciki Bankin Ingila ne da Hasumiyar Landan, watau ya cinye ƙasar tun bai taka ta ba. Sai ga wani hannu daga gajimare yana nuna rubutu a sama, gogan naka ya zazzaro ido don firgita.

Wanda ya karanta Littafin Daniyel, sura ta 5, nan take zai gane. Labarin Belshazzar Sarkin Babila ne, wanda yana tsakar shagali hannu ya rubuta masa a bango an auna shi bai cika mudu ba, daren nan kuwa aka kashe shi. Gwanintar ke nan. Gillray bai ce Nafoliyon zai fāɗi ba, mai kallo ne ke ƙarasa labarin da kansa, yana dariya. Faɗuwar kuwa ba ta tabbata ba sai 1815.

Amma fa a ganinmu hoton ya cika cunkoso, kamar rumfar ɗan koli, ido ya rasa inda zai tsaya. Kuma zambon sarkin abokan gaba ba wuya gare shi, don ba mai kama ka. Wanda ya fi shi ƙarfin hali a nan shi ne Akinola Lasekan, wanda daga 1944 ya riƙa zana masu mulkin mallaka cikin jaridar West African Pilot, alhali kuwa suna bisa gadon mulki, 'yan sanda da kotu duk a hannunsu.