Mu ɗebo jini, wani ya rubuta takarda?

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allon sanarwa a jami'a ya san irin aikin binciken da ake yi muna tayi: ana neman matasa masu jin Hausa, su shiga ƙauyuka da takardar tambayoyi, su auna yara, su ɗebo jini, kwantiragi na wata ukku ko shidda. Aikin ba abin rainawa ba ne, da yawa cikinmu da shi munka biya kuɗin haya. Abin da ke damuna shi ne, sau da yawa nan hanyar take tsayawa.

Kada wani ya ce ba a bincike a Nijar. A Yamai akwai CERMES, inda aka daɗe ana aiki kan sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Akwai INRAN, akwai tashar ICRISAT ta Sadore mai aikin hatsi. A yankin Madarunfa aka gwada allurar Rotasiil, rigakafin zawon yara da ake ɗigawa a baki, wadda ke jure zafi ba sai an ajiye ta cikin firji kullum ba. Jarirai fiye da 3,000 suka shiga gwajin, sakamakon ya fito a 2017, kuma duniya ta amfana. Uwayen Maradi ne suka miƙa ƴaƴansu, ma'aikatanmu ne suka bi gida-gida cikin rana.

To amma a yawancin irin wanga aiki, wa ke tsara tambayar da za a bincika? Wa ke riƙe da kuɗin? Mai kuɗi yana Faransa ko Amurka, shi ke zaɓen cutar da za a bi. In kuɗinsa ya ƙare, ɗakin gwaji ya yi shiru, matashin da ya ƙware ya koma fada shan shayi, ko ya kama kabu-kabu.

Hanyar jami'a ma ba sauƙi. Ka yi lisansi, ka yi mastar, ka sha wahalar doktora da buris mai zuwa a makare, sannan ka zauna jiran a buɗe gurbi. Kafin CAMES ta ɗaga darajarka sai ka buga takardun bincike, bincike kuwa sai da kayan aiki da lantarki. Wanda ya samu hanyar waje ya tafi, wa zai ga laifinsa?

Amma mu ma da namu. Muna gudun Ingilishi alhali da shi ake buga yawancin binciken likitanci. Muna gudun lissafin ƙididdiga, sannan mu yi mamaki in an ba wani aikin fassara alƙaluman da mu munka tattaro. Muna kwafar memuwar juna, mu canza sunan gari kawai.

Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya dubi ranar da ke ƙona mu ya mai da ita abin bincike. Tambayar tashi ce, daga ƙasarsa ta fito. In an ɗauke ka aikin tambayoyi gobe, ka karɓa, amma ka nemi a nuna maka yadda ake aiki da alƙaluman, ka tambaya ko sunanka zai shiga takardar. Gwamnati kuma ta ware kuɗin bincike nata na kanta, don Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma mai cin tuwon wani ba ya zaɓen miya.