Kid A: Yadda Radiohead Ta Guje wa Inuwarta

Manazarcin waƙa ya saba fara aikinsa da neman jigo, sannan ya bi baitoci ɗaya bayan ɗaya yana warware shi. To, yaya zai yi da waƙar da mai ita ya rubuta layukanta a guntayen takarda, ya zuba cikin hula, ya riƙa zarowa yana jerawa? Haka Thom Yorke ya haɗa kalmomin wasu waƙoƙin Kid A, kundin da ƙungiyar Radiohead ta fitar a watan Oktoba na 2000. Ra'ayina shi ne, wannan wargajewa ita ce jigon kundin, kuma tarihin ƙungiyar ne ya haife ta.

Samari biyar ne suka kafa ƙungiyar a 1985, suna ɗalibai a makarantar Abingdon da ke Ingila: Yorke, da 'yan'uwan juna Jonny da Colin Greenwood, da Ed O'Brien, da Philip Selway. Suna kiran kansu On a Friday, sai bayan sun ƙulla yarjejeniya da kamfanin EMI a 1991 suka sauya suna. Waƙarsu "Creep" ta 1992 ta kai su Amurka, ta kuma zame musu ƙaya, domin duk inda suka je ita ake nema, har suka yi shekaru suna ƙin rera ta. Kundin OK Computer na 1997 ya wanke su daga zargin cewa waƙa ɗaya gare su, amma yabon da ya biyo baya ya fi na farko nauyi. Bayan doguwar tafiyar tallata shi, Yorke ya gaji, rubutu ya gagare shi, sautin jita ma ya fita daga ransa.

Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda Kid A ya buɗe ba. A waƙar farko, "Everything in Its Right Place", na'urar haɗa sauti ce ke jan ragama, an kuma yayyanka muryar mawaƙin ana maimaita ta, har ta koma ɗaya daga cikin kayan kiɗa. A "The National Anthem" masu busa suna shigowa kowa da tasa hanya, salon da aka aro daga Charles Mingus, har tsari ya rushe ya zama hayaniya. "Idioteque" kuwa an gina ta kan ɗan sautin da aka ciro daga aikin kwamfuta na Paul Lansky, aka ɗora masa bugu mai kama da zuciyar wanda ya firgita. Mai sauraro yana jin tsoro da kaɗaici tun kafin ya kama kalma ɗaya. Wato aikin da baiti ya saba yi, a nan zubi da tsari ne suka yi shi. Mutumin da miliyoyi suka haddace kukansa ya nemi hanyar faɗin damuwarsa ba tare da ya sake ba su abin haddacewa ba.

Sai dai akwai inda masu suka suke da gaskiya. Yawancin dabarun nan Aphex Twin da Autechre sun riga su amfani da su, Radiohead ta kai su kasuwa ne kawai. Sannan ƙarfin halin yana da jari a bayansa. An fitar da kundin babu waƙar talla, duk da haka ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya da Amurka, ya kuma ci kyautar Grammy. Sabuwar ƙungiya da ta gwada haka, da wuya kamfani ya saurare ta. Sunan da suke gudu shi ne ya biya musu kuɗin gudun.

Duk da haka, aro bai rage wa kundin daraja ba, domin abin da aka aro ya dace da ciwon da ake son bayyanawa. Darasin da ɗalibin adabi zai ɗauka shi ne, idan ya nemi jigo a cikin kalmomi bai samu ba, kada ya yi saurin yanke hukunci. Ya fara tambayar abin da ya sa mawaƙin ya tarwatsa su.